Na Duba Motar da Kaina

Akwai wani direba da abokan aikinsa ke kira Ido Biyu, don ba a taɓa kama shi yana gyangyaɗi ba. Da dare yana jigilar kaya a motar wani kamfani, gari na wayewa kuma ya ɗauki bas ɗin makaranta ya kwashi yara. In ka tambaye shi yaushe yake kwanciya, sai ya yi dariya ya ce barci na marasa abin yi ne.

Matarsa ce kawai ba ta taya shi dariyar. Ita yake daka wa tsawa a kan abin da bai taka kara ya karya ba.

"Maigida, jiya fa ka amsa kira, alhali ba wanda ya kira ka. Ka daure ka huta."

"Ke dai kin fiye tsoro. Ƙaro min shayi."

A aikin bas akwai doka guda. In yara sun sauka, direba zai taka har ƙarshen motar, ya leƙa kowace kujera da ƙarƙashinta kafin ya kulle. Cikin yaran da yake ɗauka akwai Auta, ɗiyar yayarsa, wadda ba ta zama ko'ina sai kujerar baya.

Wata safiya ya sauke yara, ya kai motar gareji. Ya ji kansa yana bin kujerun ɗaya bayan ɗaya, tafinsa na shafar ledar su, babu kowa. Ya kulle ya tafi.

Rana ta take sai ga wayar yayarsa. Makaranta ce ta kira ta, wai Auta ba ta shiga aji ba.

"Yaya, na duba motar da kaina. Wallahi na duba."

Yana ajiye wayar ya bazama. Bai san lokacin da ya kai garejin ba. Da ya buɗe ƙofa, zafi ya buge shi kamar an buɗe murfin tukunya. Auta na kwance tsakanin kujeru, rigarta sharkaf, leɓenta ya bushe, ba ta motsi.

Allah ya yi da sauran kwananta, aka ceto ta a asibiti. Amma mai gadin garejin ya faɗa masa abin da ya gani: "Ba ka je baya ba. Ka kashe mota, ka daɗe riƙe da sitiyari kamar gunki, sannan ka sauko ka kulle."

A asibitin, likita ya auna jinin direban ya girgiza kai. Ya ce ƙwaƙwalwar da aka hana hutu takan saci barcinta ko da ido a buɗe, har mutum ya ɗauka ya yi abin da bai yi ba. Shi kuwa har a lokacin yana jin laushin ledar nan a tafinsa, wannan ne ya fi tsorata shi.

Da Auta ta farfaɗo, ya tsaya a bakin gadonta cikin kunya da baƙin ciki. Ita ce ta yi magana, da 'yar muryarta da ta dishe.

"Kawu, ƙarar ƙofa ce ta tashe ni. Na buga gilashi, ka juyo ka kalle ni. Me ya sa ka tafi?"

Ya lalubi wannan kallo a ransa, bai same shi ba. Ya ajiye tuƙi tun daga ranar, amma har yau in ya wuce mota a kulle sai ya tsaya ya leƙa ta taga, ya tafi, ya sake dawowa ya leƙa.

Darasi: Ba a cin bashin barci. Wanda ya hana jikinsa hutu ba kansa kaɗai yake cuta ba, har da waɗanda aka ba shi amanarsu. Ku tura wa duk wani naku da ke taƙama da cewa shi ba ya barci.