Yadda Gizo Ya Jawo Tafki Gidansa

Ga ta nan, ga ta nanku, ku gyara zama.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

Gizo ne da matarsa Ƙoƙi, suna zaune a wani birni na bakin tafki. A shekarar gona ba ta yi ba, dami biyu na gero kaɗai suka rage a rumbu. Mutanen gari duk sun koma ruwa, masu jirgi suna jefa taru, marasa jirgi suna fatsa a gaɓa. Gizo kuwa yana miƙe a tabarma.

Ƙoƙi ta gaji. Ta ce, "Maigida, dami biyun nan ba za su kai mu kaka ba. Ga kifi a bayan ganuwa, mu muna shan miya lami?"

Ya ce, "Ni fa ba na shiga jirgi. Samo mini wuri mai sauƙi a gaɓa, ki ga aiki."

Ta je ta roƙi Zalɓe, tsohon masunci. Ya ce su biyo shi.

Ya kai su mashayar shanu, kusa da ƙofar gari. Gizo ya leƙa, ya ce, "Taɓo! Ƙafata takwas, wa zai wanke?"

Ya kai su kan wani falalen dutse, inda karfasa ke wasa. Gizo ya taka, ya yi tsalle. "Wayyo, zafi! Kifi na zo kamawa ko gasa kaina?"

Ya kai su gindin ɓaure. Ga inuwa, ga yashi, ga tarwaɗa har tana ɗaga kai. Gizo ya zauna, ya miƙe ƙafa, ya ce, "Nan ya yi. Sai dai nisa."

Zalɓe ya ce, "Nisa? Daga nan ina hango rumbunka!" Ya juya ga Ƙoƙi. "Baiwar Allah, Allah ya ƙara miki haƙuri." Ya tashi fir.

Da suka koma gida, Gizo ya ɗauki fartanya. Ya ce zai haƙa hanya daga tafki zuwa tsakar gida, kifi ya riƙa zuwa da kansa.

Ƙoƙi ta riƙe haɓa. "Kai da ka kasa tafiya gindin ɓaure? Damina fa ta kusa!"

"Ke dai wanke tukunya."

Kwana bakwai yana haƙa, gumi na zuba. Ran na takwas hadari ya haɗu da hantsi, aka kece da ruwa. Tafki ya cika, ya biyo hanyar Gizo, ya shigo gida. Sai ga tarwaɗa a ƙofar ɗaki.

Gizo ya yi shewa. "Ƙoƙi, kin gani? Miƙo kwando!"

Ta ce, "Dubi rumbu, sarkin dabara!"

Ya waiwaya. Gindin rumbu ya jiƙe, ya zube rugum. Dami biyu suka bi ruwa, tarwaɗa na biye tana cin geron.

Ƙoƙi ta juya. Ta ɗora tukunyarta a ka, ta keta ruwa, ta tafi gidan iyayenta. Gizo kuwa ruwa ya kai masa wuya, ya haye bango, ya maƙale a azara. Har yau can yake, yana saƙa taru a inda kifi ba ya zuwa, sai ƙuda.

To, jikokina, in an nuna muku abu mai sauƙi ku karɓa ku gode. Wanda ya ce sai wahala ta kau gaba ɗaya, ɗan abin da ke hannunsa ma yakan salwanta.

Ƙurunƙus kan kusu, a nan ta tsaya.