Fuskar Da Na'ura Ta Ƙi Ganewa

Akwai wani matashi a nan birnin Barquisimeto mai suna Yorman, manaja a wani kamfanin dillancin kuɗin intanet na kirifto. Rabin tsofaffin unguwarmu ta kamfanin suke karɓar abin da 'ya'yansu ke turowa daga ƙasashen waje. Dokar kamfanin ɗaya ce: ka kalli waya, ta gane fuskarka, asusu ya buɗe. Yorman ne ya kawo tsarin, kuma ji yake da shi kamar ɗan fari.

Ran nan Don Eleazar, tsohon direban bas, ya shigo yana jan ƙafa. Shanyewar ɓarin jiki ta karkatar masa da baki, ido ɗaya ya sauka. 'Yarsa ta turo kuɗin magani daga Lima, waya kuwa ta ƙi gane shi.

"Ɗana, ni ne fa Eleazar. A bas ɗina kake zuwa makaranta."

"Baba, ba ni za ka roƙa ba, na'ura za ka gamsar," in ji Yorman. "Ka je gida ka daidaita bakin nan, ka sake gwadawa."

Ma'aikata suka ƙyalƙyale da dariya. Tsohon ya juya ya fita. Alhali Yorman na da ikon tabbatar da shi da kansa. Girman kai ne kawai.

Watanni suka shuɗe. Wata safiya mota ta kwashe Yorman a kan babur. Ya farka a asibitin gwamnati, fuska ta kumbura suntum, ƙafa ta karye. Kun san asibitinmu, majinyaci ke kawo kayan aikinsa. Likita ya ce in ba a kawo auduga, safar hannu da zaren ɗinki yau ba, ƙafar na iya tafiya.

Yorman ya ɗaga waya saitin fuskarsa don ya ciri kuɗin kayan daga asusunsa. Ta ƙi. Ya ja bandeji gefe, ta sake ƙi. Ya kira ofis, aka karanta masa dokar da ya rubuta da hannunsa. Tsoro ya kama shi, ya fashe da kuka.

"Wannan murya na san ta," wani ya ce daga bakin ƙofa. Don Eleazar ne, ya zo gashin ƙashi.

Tsohon ya bi majinyatan ɗakin gado-gado yana roƙa masa kayan. "Doña Coromoto, ragowar audugarki. Kai mai gemu, safar nan ba ci za ka yi ba. Yaron unguwarmu ne." Kafin rana ta yi tsaka ya tara kayan a leda, har da arepa, wainar masararmu, mai ɗumi, ya miƙa da hannun hagu.

"Baba, ka gane ni a haka?"

"Ni ba waya ba ne, ɗana."

Yorman ya sunkuyar da kai. "Kuɗin maganin... ka samu?"

"Na samu daga baya." Tsohon ya dubi hannunsa na dama da ke reto. "Sai dai wannan bai jira ba."

An ceci ƙafar Yorman, yau da ita yake taka ƙasa. Hannun Don Eleazar bai sake motsi ba.

Darasi: Kada ka fake da na'ura ko doka ka wulaƙanta wanda taimakonsa ke hannunka. Ana iya yafe maka, amma wata ɓarnar ba ta gyaruwa. Ku tura wa duk mai zama bayan tebur.