Igiyar Mai Haƙar Rijiya

Ɗana Barnaba, mai aikin kwamfuta, ya ce wata na'ura takan ba wata na'urar dogon aiki, in ta ji shiru sai ta katse layi, alhali aikin na tafiya. Na ce masa wannan ba sabon abu ba ne. Marigayi babansa rijiya yake haƙa, daga bakinsa na ji misalin nan.

Akwai wani manomi da ya kira mai haƙar rijiya gidansa. Aka ɗaura igiya a gungume, da ita mai haƙa yake sauka, da ita yake hawowa. Sa'ad da ramin bai yi zurfi ba, manomi na kira ake amsawa, har ya saba.

Da rami ya yi nisa, mai haƙa ya tarar da dutse, ya duƙufa yana sara. Manomi ya dawo daga gona ya leƙa, duhu. Ya kira, shiru. Ya jira daidai yadda ya saba jira, ya ce a ransa mutumin ya hawo ya tafi gida. Sai ya janye igiya, ya rufe bakin ramin da zana saboda awaki.

A daidai lokacin dutse ya fashe, ruwa ya ɓullo.

Sai ga matar mai haƙa da kunu. Manomi ya ce ai mijinta ya tashi.

Ta ce, "Baba, ya tafi ya bar takalmansa? Mayar da igiyar."

Aka mayar. Mutumin ya hawo a jiƙe har ƙirji. Daga ranar suka shirya: na ƙasa zai riƙa girgiza igiya lokaci lokaci, na sama kuwa zai ƙara jira gwargwadon zurfin rami.

Ga ma'anar misalin, 'yan'uwa. Igiyar nan ita ce addu'a. Mun saba da amsa nan da nan a ƙananan abubuwa, sai mu auna manya da wannan ma'auni. Shirun Ubangiji ba tafiya ba ce, aikin ne ya yi zurfi.

Tun da muka binne Baban Barnaba nake kira, amsar da nake so ba ta zo ba tukuna. Amma nakan ji igiya ta motsa: wata waƙa a sujadar coci, maƙwabciya da ta shigo da tuwo ba a aike ta ba. Wannan ya ishe ni sanin yana nan.

In kin janye taki, 'yar'uwa, tashi ki mayar. Ni tawa tana ciki.