Ɗan Kwikwiyon Gwauruwa

Akwai wani mutum, manomi ne, dattijo kuma a cikin ekklesiya. Allah ya ba shi sanyin baki. In mutum biyu suka saɓa, shi ake kira, ya zauna a tsakaninsu har su tashi suna gaisawa. Saboda haka sunansa ya kai garuruwan da ƙafarsa ba ta taɓa takawa ba.

Mutumin nan yana da yaya mace, sunanta Keziya. Ita ta goye shi yana jariri, shi ya sa har ya yi furfura ba ta kiransa da wani suna sai Auta. Mijinta Filibus ya rasu, 'ya'yanta duk sun tafi birni, aka bar ta ita kaɗai a gidan da ke bakin gari.

Filibus kuwa yana da wata jar karya wadda ta yi shekara tara tana binsa gona. Da aka binne shi, karyar ta kwanta a ƙofar ɗakinsa tana ta kuka, ta ƙi abinci. Keziya ta kasa jure wannan kuka, sai ta ba da ita ga ƙanen mijinta, Iliya, wanda yake zaune a wani gari mai nisa, tafiyar awa biyar a mota. Bayan an tafi da karyar gida ya yi tsit. A nan ne Keziya ta gane cewa ta kori abu ɗaya tak da yake taya ta kukan mijinta. Ta daina zuwa zumuntar mata. Ta daina fita gaishe-gaishe. In an kawo mata tuwo takan ci loma biyu ta rufe. Shekara biyu ba ta roƙi kowa komai ba.

Ana nan sai Iliya ya aiko da saƙo cewa karyar ta haihu da tsufanta, 'ya'ya huɗu. Uku sun mutu, ita ma uwar ta bi su bayan 'yan makonni. Saura ɗaya, namiji, ja kamar uwarsa.

Keziya ta sa aka kira mata ƙanenta. Ta ce, “Auta, ban taɓa sa ka aiki ba tun da Filibus ya tafi. Ka je ka ɗauko mini shi.”

Ya ce, “Yaya, gobe war haka yana cinyarki.”

Ya yi murna ƙwarai, gama ya daɗe bai ji muryarta da ƙarfi haka ba. Ya shiga tsohuwar motarsa wadda yake kai hatsi kasuwa da ita, ya kama hanya, ya kwana a gidan Iliya.

Da safe Iliya ya kawo ɗan kwikwiyon. Bai fi tafin hannu biyu ba, kunnensa ɗaya a tsaye, ɗaya a kwance. Iliya ya sa shi cikin kwando mai murfi, ya shimfiɗa masa tsumman da uwarsa take kwanciya a kai, domin ya riƙa jin ƙanshinta. Sa'an nan ya ce wa mutumin, “Kada ka cika masa ciki kafin ku tashi, zai yi amai. Kada ka ɗora shi a cinya kana tuƙi. Ka riƙa tsayawa kana ba shi ruwa. Abu ɗaya kuma nake roƙonka: ka ga bazara ce, kada ka bar shi cikin mota a rufe, ko na ɗan lokaci.”

Mutumin ya yi dariya ya ce, “Ni da na yi renon 'ya'ya bakwai?”

Ya kuwa kiyaye abin da aka faɗa masa. Ya ɗaure kwandon da bel a kujerar baya don kada ya kife. Ya sauke gilashi kaɗan iska tana shiga. Ya bi ramukan hanya a hankali, har manyan motoci suna yi masa ham suna wuce shi. Da ɗan kwikwiyon ya fara kuka, bai buɗe kwandon ba, sai ya riƙa yi masa waƙar sujada da muryarsa ta tsufa har ya yi shiru. Sau biyu ya tsaya a gindin itace, ya fito da shi, ya zuba masa ruwa a murfin gora, ya bar shi ya taka ƙasa. A tsayawa ta biyu ɗan kwikwiyon ya lashi yatsansa, ya kwanta a kan takalminsa. Mutumin ya ce a ransa, lalle wannan zai dawo mini da yayata.

Da hantsi ya yi sosai ya iso wani gari da ke tsakiyar hanya. Yana wucewa ta gaban majami'a sai mai bisharar garin, Malam Obadiya, ya gane motar, ya fito da gudu yana ɗaga hannu.

Ya ce, “Baba, Allah ne ya kawo ka! Akwai wa da ƙane a ciki, shekara huɗu ba sa magana saboda iyakar gonar ubansu. Yau da ƙyar muka zaunar da su wuri ɗaya, ga shi kuma za su tashi baram-baram. Ka shigo ka sa baki.”

Mutumin ya ce, “Ina da amana a mota.”

Malam Obadiya ya ce, “Kalma biyu kawai, Baba. Naka suke ji.”

Sai mutumin ya waiwaya ya dubi kwandon. Ɗan kwikwiyon yana barci. Ya yi tunanin shiga da shi, amma ya ji kunya a ce dattijo kamarsa ya shiga taron sulhu rungume da kare. Ya yi tunanin barin gilashi a buɗe, sai ya tuna garin akwai masu sayen karnuka, hannu ɗaya ya isa a zare shi ta taga. Saboda haka ya kai motar gindin wata dalbejiya, inda inuwa ta rufe ta duka. Ya ɗaga gilasai huɗu har sama, ya kulle ƙofofi, ya ja kowace ya tabbata ta kullu. Ya sa makulli a aljihu, zuciyarsa a kwance, domin ya san ba ɓarawon da zai taɓa abin yayarsa.

Ya shiga, ya saurari wa, ya saurari ƙane. Ya yi musu magana a kan ubansu da kuma kabarin da ke jiran kowa. Ba a daɗe ba ƙanen ya fashe da kuka, wan ya tashi ya rungume shi. Mata suka rangaɗa guɗa. Aikin da aka kira shi dominsa ya ƙare tun rana ba ta kai tsaka ba.

Amma bai tashi ba. Dattawa suka riƙa miƙewa ɗaya bayan ɗaya suna yabonsa, yabon kuwa ya yi masa daɗi. Aka kawo masa ruwan sanyi a kofi. Da ruwan ya taɓa maƙogwaronsa sai ya tuna da kwandon, ya ce a ransa, bari wannan dattijo ya gama, ba kyau a tashi mutum yana magana. Dattijon ya gama, wani ya karɓa. Daga nan aka ce ba zai tafi bai ci abinci ba, gama an yanka kaza saboda shi. Yana wanke hannu ya sake tunawa, ya ce ai motar tana inuwa. Ya ci, aka roƙe shi ya ba da labarin wani sulhu da ya yi shekarun baya, ya bayar, aka yi dariya, aka yi waƙa, aka yi addu'a doguwa.

Da ya fito, rana ta riga ta karkata. Ya hangi dalbejiyar, ya ga inuwarta ta koma wancan gefe. Motar tana tsaye a tsakiyar rana.

Ya ruga. Ƙarfen ƙofar ya ƙona masa hannu. Da ya buɗe, zafin da ya fito ya buge shi a fuska kamar an buɗe tanda. Kwandon yana nan a ɗaure yadda ya bar shi, sai dai an ciccije bakin murfin daga ciki. Ɗan kwikwiyon yana kwance a kan tsumman uwarsa, harshensa a waje. Mutumin ya ɗauke shi, ya kwarara masa sauran ruwan gora, ya hura masa iska a hanci, ya jijjiga shi yana cewa, “Tashi mana. Tashi, ga ni na zo.” Bai motsa ba.

Mutanen da suka rako shi suka tsaya cirko-cirko. Wani ya ce, “Kai, Baba, kare ne fa. Akwai su da yawa a garin nan, a ba ka biyu ma.” Mutumin ya naɗe gawar a tsumman, ya mayar cikin kwando, ya tayar da mota.

Ya isa gidan yayarsa da la'asar. Ya tarar da ita a ƙofar gida, zaune a kan turmi, ta ɗaura zanen da take zuwa sujada da shi. Ta share tsakar gida, abin da ta daɗe ba ta yi ba. Ta dama kunu ta ajiye a ƙaramar tasa yana hucewa. Da ta ga motar ta miƙe tana murmushi, ta miƙo hannu biyu.

Ya sauko da kwandon, ya durƙusa a gabanta, ya faɗa mata duka, bai ɓoye ko kazar da ya ci ba.

Keziya ta buɗe tsumman, ta daɗe tana kallo. Ta shafa kunnen da ke kwance. Sa'an nan ta ce, “Ya yi kuka?”

Ya ce, “Ban sani ba, Yaya. Ina ciki. Ban ji ba.”

Ta ce, “To.”

Ba ta zage shi ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta ɗauki fartanya da kanta ta haƙa rami a bayan ɗakin Filibus, ta hana shi taya ta. Ta gama ta shiga ɗaki ta saki labule.

Bayan mako guda ya kawo mata wani ɗan kwikwiyo, ja. Ta ce, “Mayar wa masu shi, Auta.” Ya sake kawo wani, ta ce haka nan. Ba ta ƙara roƙonsa komai ba har ƙarshen ranta. Wa da ƙanen nan kuwa suna zaune lafiya har yau, kowace shekara sukan aiko masa da buhun masara na godiya. Yakan sa a kai wa maƙwabta, ba ya iya ci.

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa. Ɗan kwikwiyon shi ne rai marar ƙarfi da Ubangiji ya danƙa a hannunka, kai kaɗai. Ko sabon mai bi ne wanda bai iya tsayawa da ƙafarsa ba tukuna, ko tsohuwar da ta haife ka, ko matarka da ta daina yi maka ƙorafi kana tsammani lafiya ce. Mutumin nan ba mugu ba ne. Ya fi yawancinmu kula. Ramukan hanya ba su kashe amanarsa ba, ɓarawo ma bai taɓa ta ba. Ta mutu sa'ad da yake cikin majami'a, ana kiran sunansa da alheri.

Sulhun da ya yi aiki ne mai kyau, kada wani ya fita ya ce na hana sulhu. Amma aikin ya ƙare da wuri. Abin da ya zaunar da shi bayan haka daɗin yabo ne da kunyar idon mutane. Sau biyu Ruhu ya taɓa zuciyarsa, sau biyu ya ba da amsa mai ma'ana. Haka muke. Mukan kulle mutum da alkawari, mu ce ina zuwa, mu ce ai yana lafiya inda na bar shi. Masu ƙarfi suna da baki, sukan tare mu a hanya su ja mu ciki. Raunana kuwa kukansu ba ya wuce gilashi.

Za ku ce, ai akwai gafara. Akwai. Wanda ya durƙusa da gaskiya, Mai Ceto ba ya korarsa. Amma zan yi muku ƙarya in na ce gafara tana mayar da duk abin da ya lalace. An gafarta wa mutumin nan, ɗan kwikwiyon kuwa bai tashi ba, yayarsa ba ta sake share tsakar gida ba. Saboda haka wanda kake shirin dubawa mako mai zuwa, ka je yau. Mai yiwuwa ka riga ka makara. Duk da haka ka je.

Ba daga sama nake faɗa muku wannan ba. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce na yi wa wani makanike baftisma, sunansa Dogara. Ya bar giya da ƙyar, abokansa suka guje shi, ba shi da kowa sai mu. Sau uku ya zo ƙofar gidana. Sau uku aka ce masa fasto yana taron ginin sabuwar majami'a, wannan da kuke zaune a cikinta. Na ce zan neme shi in an gama rufi. Da aka gama na je garejinsa, na tarar da wani yana sayar da gawayi a wurin. Na tambaya, aka ce ya koma sha, ya sayar da kayan aikinsa, ya shiga mota ba wanda ya san inda ya nufa.

Na roƙi gafara, na kuma gaskata an gafarta mini. Amma har wa yau ban san abin da ya zo faɗa mini ba, ban kuma san ko yana da rai ba.

Mu sunkuyar da kai.