Hoton da Yaya Babba ta kai wa Mama

Akwai wata ma'aikaciyar jinya da kowa a gidansu yake kira Yaya Babba. Tana da miji, da yara uku, da aikinta. Amma da zarar an yabi ƙanwarta Auta a gabanta, sai ta haɗe rai kamar an taka mata ƙafa.

Auta doguwa ce, ga dogon hanci, ga fara'a. Duk hoton da ta ɗora a waya, 'yan uwa sai yabo. Yaya Babba kuwa sai ta buɗe hoton da yatsu biyu tana neman aibi. Kishi ne tsagwaronsa, kuma yana cin ta.

Auta ta sayi jaka, ita ma ta sayi irinta. Ta rataya, ta tsaya gaban madubi, ta ga har yanzu da saura. Abin da ya saura ɗin kuwa, ita kanta ba ta san sunansa ba.

Ana haka sai aka shirya Mama za ta koma wurin ɗanta namiji a wani gari mai nisa, saboda jinyar idonta. Ta ce wa 'yan matan nata, “Kowacce ta kawo min babban hotonta, in rataye a ɗakina.”

Yaya Babba ta ce a ranta, wannan karon ba za a jera ta da Auta a bango a raina ta ba.

Ta je shagon mai hoto, aka ɗauka. Ta ja kujera kusa da kwamfutarsa, hoton Auta buɗe a wayarta.

“Rage min kumatun nan. Ja hancin kaɗan. Wushiryar ma toshe ta.”

Mai hoto ya ce, “Hajiya, in na ƙara, ko maigidanki sai ya nemi shaida.”

“Kai dai yi aikinka.”

Ranar tafiya, an gama loda kaya a mota, Auta ta miƙa nata. Yaya Babba ta miƙa nata tana murmushi. Mama ta kawo shi daf da idonta, ta daɗe tana dubawa.

“Auta, ke har biyu kika yi? Ina na yayarki?”

Yaya Babba ta ce, “Mama, ai nawa ne.”

Mama ta dubi hoton, ta dubi 'yarta. “A'a, wannan ba ke ba ce. Ni fuskar da ta fara kirana Mama nake so in gani idan na tashi da safe.”

Direba ya danna hon. Mama ta mayar mata da hoton a hannu, ta rungume ta, ta shiga mota. Aka tafi da hoton Auta shi kaɗai.

Yaya Babba ta tsaya a bakin ƙofa da firam ɗin hoton a ƙirji, kunya da baƙin ciki sun cika ta. Shekara da shekaru tana tsoron Auta za ta ture ta daga wurin Mama. Ashe da hannunta za ta cire kanta.

Darasi: Kowa yana jin wani giɓi a ransa, tsakanin yadda yake da yadda yake so a gan shi. Wanda kake kishi ma yana da nasa. Zama wani ba ya cike wannan giɓin, sai dai ya raba ka da masu son ka a yadda kake. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila wani yana buƙatar jin wannan yau.