Labulen Mota da Ke Faɗuwa a Wuri Guda

Masu koyar da yara sun daɗe suna ba da wannan misali, amma da yawansu ba daidai suke ba da shi ba. Wasu sukan ce magidancin marowaci ne, ya sayo labule mai araha, shi ya sa ya yi ta faɗuwa. Wasu kuma sukan mai da shi ɗa marar tausayi, domin yara su yi masa tsaki a tashi da wuri. Duka biyu kuskure ne. Mutumin yana da sakin hannu, yana kuma ƙaunar mahaifiyarsa ƙauna ta gaske. Wanda ya cire wannan daga labarin ya zubar da darasin, gama mugun ɗa ba ya koya wa mutanen kirki kome a kan halinsu. Ga yadda abin yake.

Akwai wani magidanci a wani birni, shi ne ɗan farin mahaifiyarsa. Sa'ad da mahaifinsa ya rasu, ya ɗauko tsohuwar daga ƙauye ya kawo ta gidansa. Sunanta Afiniki. Bisa ga al'adar mutanensu, ba ta kama sunansa, ba ta zama hira da shi, in ya gaishe ta takan amsa tana duban wani wuri. Shi ma ya tashi a kan haka, bai taɓa ganin abin da wani aibu ba.

Kowace Lahadi da safe yakan kai ta sujada a majami'ar ƙauyensu, gama a can ta saba, a can kuma aka binne mijinta. Takan zauna a kujerar baya ta hannun dama. Hanyar ta miƙe arewa, saboda haka ranar safiya ta wannan tagar take shigowa, ta sauka a fuskarta. Ga shi kuwa ba a daɗe da yi mata aikin yanar ido ba, likita ya kuma ja kunne a kan hasken rana. Magidancin ya ga yadda take runtse ido, hawaye na bin kumatunta, sai zuciyarsa ta ƙi kwanciya. Ya tafi kasuwa wurin masu kayan mota neman labulen taga.

Mai shagon ya baje masa kaya a kan tebur, ya ce, “Yallaɓai, zaɓi naka ne. Wannan mai robobi ne, yana kama gilashi kamar ƙahon wanzami a bayan mutum. Wannan mai maganaɗisu ne, ƙarfen ƙofa yake riƙewa. Wannan kuma raga ce, ana zura ta a kan ƙofa kamar safa. In kana so ka huta gaba ɗaya, a liƙa maka baƙar leda.”

Magidancin mutum ne mai son sanin dalilin kowane abu. Ya ɗaga kowanne ya duba rana ta cikinsa. Ya ja robobin, ya shinshina ragar, ya tambayi wanne ke hana gilashi sauka, wanne ke kare wa direba ganin baya. Ledar ya ƙi, domin da damina ana bukatar haske. A ƙarshe ya ɗauki mai robobi, ya koma gida, ya goge gilashin, ya manna shi da hannunsa.

Da Lahadi ta zo, tsohuwa ta shiga mota ta tarar da inuwa. Ta shafa labulen da yatsa, ta ce wa kujerar gaba, “Allah ya yi albarka.” Magidancin ya ji daɗi ƙwarai.

Kafin a shiga ƙauyen akwai wata kwana inda hanya ta farfashe. A nan dole direba ya rage gudu, ya zuba ido a kan ramuka. Suna fita daga kwanar, sai magidancin ya ga haske ya cika bayan motar. Ya waiga, ga labulen a kan cinyar mahaifiyarsa. Ya ce a ransa, “Ban danna robobin da kyau ba.” Lahadi ta gaba ya jiƙa su da ruwa, ya danna har yatsunsa suka yi zafi. A wannan kwana dai labulen ya sāke faɗuwa. Ta gaba ma haka.

Abin ya fara ba shi mamaki. A tsakiyar mako ya bi da motar ta hanyoyin unguwa da suka fi wannan lalacewa, labulen ko motsi bai yi ba. Ya bar ta a rana tun safe har azahar, ko zafi ne ke sakin robar, ya tarar da shi daram. Ya koma kasuwa.

Mai shagon ya yi dariya, ya ce, “Yallaɓai, ko dai akwai tsamiya a kwanar nan? Ni dai ban taɓa sayar wa aljanu kaya ba, balle su biyo ni da rigima.”

“Babu tsamiya. Ramuka ne kawai.”

“To, ramin da ya fi ƙarfin roba, a gwada masa ƙarfe.”

Ya ɗauki mai maganaɗisu. Wannan in ya kama ƙofa, har ƙara yake yi. Amma da suka fita daga kwanar, ga shi a ninke a gefen tsohuwa. Magidancin ya ce, “Iya, ya sāke faɗuwa?” Ta ce, “Uhm,” tana duban gonaki. Bai ƙara tambaya ba, gama bai saba wuce tambaya ɗaya da ita ba. Bai kuma lura cewa abin da ya faɗi da kansa ba ya ninkuwa ba.

Ya tambayi bakanike, bakanike ya ce ƙofar ce ke girgiza. Ya tambayi wani dattijon ikilisiya da ya yi tuƙi shekaru masu yawa, dattijon ya ce iska ce ke shiga ta gefen gilashi. A ƙarshe ya sayo ragar nan mai kama da safa. Ita kuwa sai an buɗe ƙofa ake zura ta, in aka rufe ƙofar ta cije bakinta, babu mai iya cire ta daga ciki. Na ciki yana ganin waje dishi-dishi, na waje kuwa ba ya ganin kome sai baƙi.

Ragar ba ta faɗi ba. Lahadi ta bi Lahadi, suna wuce kwanar cikin inuwa. Idon tsohuwa ya daina hawaye. Sai dai ta daina rera waƙoƙin da takan rera a hankali a hanya, in sun dawo kuma takan shige ɗaki ta bar abinci a rufe. Magidancin ya ɗauka tsufa ne.

Duk da haka tambayar ba ta bar shi ba. Mene ne a wannan kwana da ya kayar da roba, ya kayar da maganaɗisu? Wata Lahadi ya ƙudura sai ya gani da idonsa. Da suka kusa wurin, ya karkatar da madubi ya saita shi a kan tagar baya, ya bar motar tana tafiya kamar mai rarrafe, domin ya ga ko ragar za ta yi rawa.

Ragar ba ta yi rawa ba. Abin da ya gani a madubin hannun mahaifiyarsa ne. Ta ɗaga shi a bayan baƙar ragar, tafin yana fuskantar waje, ta riƙe shi haka.

Ya dubi hannun dama. Akwai wani gida a bakin hanya, da tabarma a ƙofarsa. A kan tabarmar wata tsohuwa tana zaune, sandarta a gefe, ta juya wa hanya baya. Ya gane ta daga ɗaurin ɗankwalinta. Gwaggo Lai'atu ce, ƙawar mahaifiyarsa tun suna 'yan mata, wadda ta goya shi yana jariri. Ciwo ya shanye mata ɓarin jiki, ba ta iya zuwa sujada, sai dai a fito da ita ƙofar gida. Ya san da ciwon, ya ma taɓa aika mata magani. Amma bai taɓa ganinta a wurin ba, domin a kwanar nan idonsa kullum yana kan ramuka.

Ya tsayar da motar. A ranar shi ne mai karatu a majami'a, lokaci kuma ya matse, amma ya kashe injin. Ya zagaya ya buɗe ƙofar, ya zare ragar, ya ba mahaifiyarsa kafaɗa ta dafa har bakin tabarma.

Afiniki ta ce, “Salama, masu gida.”

Lai'atu ba ta juyo ba. Ta ce, “Au, matar gwamna ce ta tsaya? Ku kawo kujera, tabarmarmu za ta ɓata mata zane.”

“Ke Lai'atu, ciwon nan da ya ci hannu da ƙafa, me ya sa ya bar bakin?”

“Ya bar shi don ke. Ni da na ga baƙar taga tana wucewa kowace Lahadi, cewa na yi gawarki ake yawo da ita, an rasa inda za a binne.”

“Ina ɗaga miki hannu. Ban fasa ko sau ɗaya ba.”

“A cikin buhu? Ni mayya ce da zan hango ki a cikin buhu?”

Sa'an nan ta juyo da ƙyar, muryarta ta sauka. Ta ce, “Ƙawa, ni ba ni da wata sujada yanzu sai hannun nan naki. In na gan shi, na san an tafi da ni majami'a. Da ya ɓace, na ce to, birni ya cinye ta, har na ce wa 'yata daga yau kada ta ƙara fito da ni.”

Magidancin ya durƙusa ya gaishe ta. Sai ya dubi mahaifiyarsa ya ce, “Iya, ashe ke ce kike cirewa? Me ya hana ki faɗa mini?”

Afiniki ba ta dube shi ba. Ta ce, “Lai'atu, ki gaya wa yaron nan, abin da ya je ya nemo da ƙafarsa saboda idona, da wane baki zan ce ya cire?”

Lai'atu ta ce, “Ka ji dai, ɗan nan. To, tafi ka yi karatunka. Ka bar mini ita, in kun tashi ka zo ka ɗauki kayanka.”

Daga ranar ya mayar da labule mai robobi, wanda ɗan yatsan tsohuwa ke iya ɓallewa. Yakan kuma fito gida da wuri, domin motar ta tsaya a kwanar.

Ma'anar wannan misali ita ce, rana wahala ce ta gaskiya, labule kuwa shi ne kulawar da muke yi wa waɗanda Allah ya sa a hannunmu, wato iyaye da suka tsufa, da marasa lafiya, da 'ya'ya. Kada wani ya ce labulen laifi ne. Idon tsohuwa yana ciwo, ɗanta ya yi daidai da ya nemi inuwa. Amma ku lura da wannan da kyau: ranar da ke cutar da ita da ƙawar da ke raya ta, ta taga guda suke shigowa. Haka yake a yawancin gidajenmu. Muna hana tsoho fita don kada ya faɗi, da wannan hanin kuma mun raba shi da kowa. Muna cewa kada a dami marar lafiya, sai ya kwana yana zaton 'yan'uwa sun manta da shi.

Labulen da ke faɗuwa shi ne maganar mai kunya. Mutanenmu da yawa ba za su buɗe baki su ce ka ɓata musu ba, musamman in alheri ka yi niyya. Za su bar abinci a rufe, za su daina waƙa, za su ce “uhm.” In abu ya yi ta lalacewa a wuri guda, akwai mai yi maka magana a wurin.

Mai shago, da bakanike, da dattijo su ne masu ba da shawara. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Sun amsa abin da aka tambaye su, kuma kowace amsa ta ƙara wa labulen ƙarfi. Magidancin ya binciki roba, da rami, da iska, ya bar wadda ke zaune a inuwar. Son sani baiwa ce daga Allah, amma in ya tsaya a kan kaya bai kai ga mutum ba, bai gama aikinsa ba. Ubangijinmu ya san abin da ke cikin zuciyar kowa, duk da haka yakan tsaya a hanya ya tambayi mai bukata abin da yake so. Mu da ba mu san zuciya ba, ba mu da hujjar ƙin tambaya.

Saboda haka, a cikin makon nan ka je wurin tsohon da ke hannunka, ka zauna ƙasa, ka tambaye shi wa yake marmarin gani. In kunya ta hana shi amsa maka, ka aiki wanda yake sakin baki da shi. In ka ji sunan, ka ɗauke shi ka kai shi.