Kukan Da Ke Bayan Katanga

A Talata Mafara an yi wani malamin adabin Hausa, Malam Muttaka, wanda duk makarantarsu babu mai kama ƙafarsa wajen feɗe wasan kwaikwayo. Kafin ka ƙifta ido ya ware maka jigo, ya nuna maka tauraro, ya gaya maka inda rikici ya ƙullu da inda ya warware. Sai dai yana da girman kai, kuma ya tsani abin da zai taɓa masa kwanciyar hankali.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidansa da na Balarabe, dillalin albasa. Da ƙanen Balarabe ya rasu a Faru, sai ya ɗauko 'ya'yansa biyu da sunan riƙo: Nusaiba, wadda ke ajin Malam Muttaka, da ƙanenta Sadi, ɗan ƙaramin yaro. Tun daga lokacin, kusan kullum bayan La'asar sai an ji saukar bulala da kukan Sadi. Malam Muttaka yakan ja kujerarsa zuwa can ƙarshen tsakar gida, ya ci gaba da karatunsa.

A zangon nan aji na nazarin wani wasa ne a kan marainiyar da mariƙinta ke azabtarwa. Ran nan Malam ya tambaya, "Wane ne mugu a wasan nan?"

Duk aji suka ce mariƙin. Nusaiba kaɗai ta ɗaga hannu.

"Malam, ni ina ganin maƙwabcin ne."

"Maƙwabcin? Sau nawa ma ya fito? Ɗan rakiya ne kawai, ba shi da hannu a rikicin."

"Ai shi ya sa, Malam. Yana ji. Shi mai dukan ya saba, zuciyarsa ta bushe. Amma wanga da ke ji, mi ya hana shi magana?"

Malam Muttaka ya gane inda maganar ta dosa. Maimakon ya tsaya ya yi tunani, sai ya yi dariya.

"In kika rubuta haka a jarrabawa, kin faɗi. Zauna."

Da aka tashi, ta biyo shi har inda ya ajiye babur, ta durƙusa.

"Malam, don Allah ka yi wa Bappa magana. Yana jin nauyinka. Yanzu ɗaure Sadi yake yi da igiyar buhu in yaron ya dawo daga gonar da ke bakin dam ɗin Bakolori bai gama aiki ba."

"Nusaiba, ni malamin makaranta ne, ba alƙali ba. Ba na shiga sha'anin gidan mutane. Tarbiyya ce yake ba shi."

Ya tada babur ya bar ta a durƙushe.

Bayan 'yan kwanaki kukan ya ɗauke. La'asar ta yi, babu bulala, babu motsi. Washegari ma haka. Kujerar Nusaiba a aji babu kowa. Malam Muttaka ya ce a ransa an samu lafiya, amma shirun ya hana shi sakat. Ya je har ƙofar Balarabe, ya ɗaga murya zai yi sallama, sai ya fasa, ya koma gida.

Ran Talata, ana tsakiyar cin kasuwa, Nusaiba ta fito da gudu goye da Sadi, jikinsa zafi rau, hannunsa na dama ya kumbura ya yi baƙi inda igiya ta ci. Mutane suka kai shi asibiti. Likita ya ce an makara. Sai an yanke hannun in ana son ransa. Aka yanke.

'Yan sanda suka tafi da Balarabe. Mai unguwa ya tara maƙwabta a ƙofar gidansa, uwar yaran, Taibatu, ta iso daga Faru a kan babur, idanunta sun kumbura.

"Malam," in ji mai unguwa, "kai ne ka fi kowa kusa. Ka taɓa jin wani abu?"

Ya buɗe baki zai ce a'a, sai ya haɗa ido da Nusaiba.

"Na ji," ya ce a hankali.

"Tun yaushe?"

"Tun zuwansu."

Taibatu ba ta zage shi ba. Ta dube shi ta ce, "Malam, ɗana da dama yake rubutu."

Daga ranar, in ya yi sallama a majalisa sai a amsa a sanyaye, iyaye suka daina turo masa yara darasi. Ƙarshe ya nemi a yi masa canjin wurin aiki zuwa garin Bakura.

Darasin da ke cikin labarin nan shi ne, ilimin da bai motsa zuciya ta kare mai rauni ba, nauyi ne a wuyan mai shi. In ka ji ana cutar da yaro, kada ka ce ba gidanka ba ne. Ka yi magana, ka sanar da mai unguwa ko hukuma tun da sauran lokaci, domin wanda ya ji ya yi shiru yana da kasonsa a cikin zaluncin.